Waya ta Uku

Takardar da ake ɗaukar bugun zuciya a kanta, wadda ake kira ECG, cike take da ƙananan gidaje irin na littafin lissafin 'yan firamare. Kowane ƙaramin gida na nufin kashi 40 cikin 1,000 na sakan ɗaya. Idan likitan zuciya ya karɓi takardar nan, za ka ga ya ɗora bakin biro a kan tsinin da ke harbawa sama da kowane bugu, yana ƙirga gidajen da gindin tsinin ya cinye. A zuciya mai lafiya tsinin siriri ne, gida biyu ko biyu da rabi, ba ya kai uku. In ya ƙirga ya ga ya doshi huɗu ko ya wuce, ga kuma gibi a kansa, sai ya ɗago ya sake duban mai takardar da wani ido daban.

Mai takardar kuwa an san irinsa. Mutum ne da zuciyarsa ta buɗe ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda jiki ke so. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Da dare sai an jera masa filo uku, wani lokaci ma a zaune yake kwana, domin da ya miƙe sai ruwa ya taru a huhu, ya farka yana neman iska. Ya sha magungunan duk da suka kamata, wata da watanni, amma hoton zuciya na nuna cewa babban ɗakin hagu, wanda ke harba jini zuwa ko'ina a jiki, bai fi kashi 35 cikin 100 na jinin da ke cikinsa yake iya fitarwa a kowane bugu ba. Mai lafiya yana fitar da fiye da rabi.

Abin da faɗin tsinin nan ke faɗa wa likita shi ne, bayan rauni akwai wata cuta ta biyu da ta hau kansa, wato saɓani. Zuciya da wuta take aiki. Wutar na tasowa daga ɗakin sama na dama, ta ɗan dakata a wata mahaɗa a tsakiya, sannan ta rabu reshe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ta bazu cikin naman ɗakunan ƙasa kusan a tare. To, a wasu majinyata reshen hagu ya yanke. Wutar sai ta bi ta dama, ta rarrafo cikin tsoka daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kamar motar da ta bar kwalta ta faɗa yashi. Bangon tsakiya ya samu saƙo da wuri ya matsa. Bangon gefe, can ta wajen haƙarƙarin hagu, bai ji komai ba tukuna, yana sake. Kafin saƙon ya iso masa ya matsa, na tsakiya ya riga ya saki.

Duk wanda ya taɓa riƙe salka ya san abin da zai biyo baya. In ka matse ta da hannu biyu a tare, ruwa ya fito ta baki. In ka matsa da dama, hagu na sake, ruwan ya gudu hagu. Ka matsa da hagu bayan dama ta saki, ya dawo. Ka gaji, salka na ta tangaɗi, abin da ya fito kaɗan. Haka ake ganin irin wannan zuciya a hoton sikanin: tana rausaya gefe da gefe maimakon ta dunƙule. Ga kuma ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagu, wadda igiyoyinta ke ɗaure da waɗannan bangaye, ba ta rufuwa daidai, jini na komawa baya zuwa huhu. Duka tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma zuciya na bugawa wajen sau 100,000 a rana.

Sanin cewa tsarin tafiyar wuta na shafar ƙarfin bugu ba sabo ba ne. Tun 1925 wani masani a Amurka, Carl Wiggers, ya nuna haka a jikin karnuka. Batirin zuciya ma ya daɗe, domin a 1958 aka dasa wa mutum na farko a Sitokholm ta ƙasar Suwidin. Sai dai aikinsa a da shi ne ya zaburar da zuciyar da ke nawa. Tunanin a sa shi ya sasanta bangayen da suka saɓa ya zo ne daga baya. A 1994 Serge Cazeau da abokan aikinsa a Faransa suka ba da labarin wani mutum mai shekara 54 da ciwon ya kai shi maƙura. Suka sa masa wayoyi a ɗakunan zuciyarsa duka huɗu. Cikin mako shida ya sauke kilo 17, galibinsa ruwan da ya taru a jiki, kumburin ƙafa ya tafi. A lokacin sai an shiga ta ƙirji kafin a liƙa wayar hagu a bayan zuciya, aikin da majinyaci mai rauni ba ya jurewa da sauƙi. A 1998 ne Jean-Claude Daubert na birnin Ren, shi ma a Faransa, ya bayyana yadda za a kai wayar ta cikin jijiya ba tare da an buɗe ƙirji ba. Wannan hanya ce ta zama sana'ar da nake son mai karatu ya tsaya ya kalla.

Yawanci majinyaci idonsa biyu ake yi. An kashe masa fatar ƙasan ƙashin wuya ta hagu da allura, an tsaga kamar tsawon ɗan yatsa, an samu jijiyar da ke komawa da jini zuciya. Waya ta farko a ɗakin sama na dama, ta biyu a ɗakin ƙasa na dama. Waɗannan biyun hanya ce da aka saba, duk mai dasa batir ya iya. A ta uku ne gizo ke saƙa. Ba a son sa waya a cikin ɗakin hagu kai tsaye, domin jinin da ke nan shi ke zuwa ƙwaƙwalwa. Gudan jini ya ɗaure a jikin waya ya ɓalle, sai shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ake zagayawa ta bayan gida. Ita zuciya tana da nata jijiyoyin da ke kwashe jinin da namanta ya gama amfani da shi. Suna kwance a bayanta kamar saiwoyi, suna haɗuwa a wata babbar magudana da ke zagayo gindinta ta zube a ɗakin sama na dama. Ta bakin wannan magudana ake shiga, a bi saɓanin kwararar jini, a kai waya har bayan bangon da ke makara.

A faɗa da baki abu ne mai sauƙi. Likita na tsaye da rigar dalma mai nauyi saboda hasken hoto, idonsa a kan allo. Abin da allon ke nuna masa inuwa ce kawai, toka-toka, a shimfiɗe; jijiya ba ta fitowa, bakin magudana ba ya fitowa. A hannunsa akwai bututu siriri mai lanƙwasa a baki, yana juya gindinsa da yatsu daga waje, bakinsa na can ciki, a ɗakin da bai daina motsi ba ko na sakan ɗaya. Ƙofar da yake nema ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba, sau da yawa da wani tantani ya rufe rabinta. A zuciyar da ta buɗe, komai ya jirkice daga inda littafi ya ce yake. Sai ya murza kaɗan, ya ja baya, ya fesa ɗan ruwan da ke fitowa baƙi a hoto, ya ga inda ya nufa. Gwani yana jin faɗawar bututun a yatsunsa kafin allo ya tabbatar masa. Wata rana minti biyu ne. Wata rana rabin awa ta wuce ana abu ɗaya, sai an canja bututu mai wata lanƙwasa.

Da an shiga, sai a hura ƙaramin balan-balan a toshe magudanar, a tura ruwan hoton. Nan take bishiyar jijiyoyin ta bayyana a allo, reshe-reshe, na 'yan sakanni, sannan ta ɓace. Ana ɗauka ta fuska biyu, domin reshen da ya yi kamar yana gefe ta nan, ta can sai a ga ashe gaba ya nufa. Babu mutum biyu masu bishiya iri ɗaya. Wani yana da reshe mai faɗi a daidai inda ake so, kamar an shirya. Wani reshensa ya tashi da kwana mai kaifi kamar gwiwar hannu. Wani kuma babu komai a wurin sai 'yan zare. A cikin waɗannan sakanni likita ke karanta taswirar da bai taɓa gani ba, ya zaɓi hanya.

Abin da yake nema shi ne gefe ko bayan ɗakin hagu, tsaka-tsaki, ba can ƙasa kusa da tsinin zuciya ba, domin an gano cewa wayar da ta sauka a tsini ba ta yin amfani sosai. Ya fara tura wani zaren ƙarfe mai kaurin kusan sulusin milimita, ya lallaɓa shi ya shiga reshen, sannan ya zura wayar a kansa har ta cushe ta kama. Nan ma ba a gama ba. Mai kula da na'ura a gefe zai auna ya faɗi lamba: wutar zuciyar ta makara sosai kafin ta iso nan? In ta makara, an samu wurin. Nama na amsawa da wuta kaɗan, ko sai an ƙara? In sai an ƙara da yawa, wataƙila kan tabo aka sauka, inda tsokar ta mutu tun wata toshewar jijiyar zuciya ta baya, kuma tabo ba ya matsawa ko da za a sa masa wutar gari guda.

Sai jarrabawar shaƙuwa. Jijiyar da ke motsa tantanin numfashi, wanda ya raba ƙirji da ciki, tana bi ta daidai wannan gefen zuciya. A ƙara wuta zuwa ƙarshe, nas ta ɗora tafin hannu a kan cikin majinyaci. "Baba, kana jin wani abu na harbawa a nan?" In ya ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata, kamar shaƙuwa," to wurin bai yi ba, komai kyansa. Ba wanda zai rayu da shaƙuwa sau sittin ko saba'in a minti. A da, sai a janye waya a koma neman wani reshe. Yanzu wayoyin suna da baki huɗu a jere, ana iya sauya wanda ke ba da wuta ba tare da an motsa komai ba, kuma wannan ƙaramin gyara ya cece majinyata da yawa daga komawa tiyata.

Wurin da na fi jinjina wa masu wannan aiki shi ne na ƙarshe, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. Bututun da ya yi jagora dole ya fita, waya ta zauna. Amma gindin wayar ya fi bututun kauri, ba za a zare shi ta baya ba. Sai a sa wata 'yar wuƙa a tsaga shi tsaye, hannu ɗaya na riƙe da waya cak, ɗayan na jan bututun a kan kaifin wuƙar a ja ɗaya mai santsi. Hannu ya yi rawa kaɗan, sai ka ga a allo waya ta sulluɓo ta faɗo ɗakin dama, aikin awa guda ya koma farko. A wannan lokacin ɗakin kan yi tsit.

Idan an kunna, tsinin nan na takarda yakan tsuke a gaban idon kowa. Wasu majinyata tun a makon farko suke rage filo. Amma babban abin sai a hankali yake zuwa: cikin wata uku zuwa shida zuciyar da ta buɗe sai ta fara komawa, ɗakin ya ragu, ƙofar da ke yoyo ta fara rufuwa. Akwai wani abu a nan da ya bambanta wannan magani da wasu. Magungunan da ke ƙara wa zuciya ƙarfi da tsiya bulala ce ga jakin da ya gaji. Zai yi sauri yau, gobe ya faɗi. Wani bincike da aka buga a 2000 daga jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa da wannan wayar ƙarfin matsawa na ƙaruwa alhali iskar da tsokar ke ci na raguwa. Ba a ƙara wa jaki bulala ba, an daidaita masa kaya ne.

Likitoci ba su yarda da labarin baki ba, sun gwada. A binciken MIRACLE na 2002 an dasa wa mutum 453 na'urar, aka kunna wa rabi, aka bar ta rabi a kashe, majinyatan ba su san nasu rabon ba. Bayan wata shida, tafiyar da masu kunnanniya ke iya yi cikin minti shida ta ƙaru da mita 39, ta sauran da mita 10. A 2005 binciken CARE-HF ya bi mutum 813 a Turai kusan shekara biyu da rabi: cikin masu magani kaɗai kashi 30 cikin 100 suka rasu, cikin masu magani da na'ura kashi 20.

To amma kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka dasa wa ba sa nuna canjin da ake fata. Wannan lamba ta daɗe tana damun masu sana'ar, kuma neman dalilinta ya koya musu tawali'u. An yi zaton hoton sikanin zai iya nuna tun da wuri wanda zai amfana, tunda ga saɓanin ana kallo ƙuru-ƙuru. Binciken PROSPECT na 2008 ya gwada ma'auni 12 na hoton a kan mutum 498. Ba ko ɗaya da ya iya rarrabewa yadda za a dogara da shi, har ma masu aunawa kan saɓa wa juna a kan hoto guda. Aka kuma yi zaton waɗanda tsininsu siriri ne, amma hoto na nuna kamar akwai saɓani, su ma za su amfana. Binciken EchoCRT ya gwada a kan mutum 809, aka dakatar da shi a 2013: mutum 45 suka rasu cikin waɗanda aka kunna wa, 26 cikin waɗanda ba a kunna wa ba. Ashe zuciyar da wutarta ke tafiya daidai, in ka sa mata waya, kai ne ka kawo saɓanin. Bayan duk na'urori masu tsada, aka dawo kan takarda da biro: yankewar reshen hagu ta gaskiya, da faɗin tsini da ya kai milisakan 150, wato kusan gida huɗu. Mata sun fi maza amsawa, haka waɗanda rauninsu bai fito daga toshewar jijiyoyin zuciya ba, saboda ba su da tabo mai yawa. Kenan rabin gwanintar tana wajen iya cewa a'a ga iyalin da suka zo da kuɗinsu a hannu suna roƙo.

Ni kam ina da ja da lakabin "bai amsa ba" da ake yi wa waɗanda ba su nuna canji ba. Ciwon nan gangara yake yi. Mutumin da aka dasa wa, bayan shekara biyu yana nan inda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, wa ya san inda zai kasance da ba a dasa ba? Sannan sau da yawa laifin ba na zuciyar ba ne. Na'urar tana ƙirga duk bugun da ta jagoranta, kuma an ga cewa amfanin ya fi cika idan ta kama kusan 98 cikin 100. Ka ga ko kashi biyu ne suka kuɓuce, bugu 2,000 kenan a rana. Mai ɗakunan sama da ke karkarwa ba tsari, wutarsa kan riga na'urar isa, sai ta zama 'yar kallo. Likitan da ya san aikinsa zai duba wannan lamba, ya ƙara maganin rage gudu, in ta kama ya ƙona mahaɗar tsakiya domin na'urar ta karɓi ragama gaba ɗaya. Zai duba ko waya ta gusa, ko jini ya yi ƙasa, ko majinyaci ya ji sauƙi ya ajiye magungunansa, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato. Mai dasawa ya sallami mutum bai sake waiwayarsa ba, rabin aiki ya yi. Haɗari ma akwai shi: allura kan huda huhu, aljihun da ake saka batir a ƙarƙashin fata kan kamu da ƙwayar cuta, kuma in ya kamu sai an fitar da komai.

A ƙasarmu gazawar zuciya ba baƙuwa ba ce. Hawan jinin da ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen jawo ta a Afirka kudu da Sahara, ga kuma wadda ke kama mata bayan haihuwa, wadda wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kanta daga Zariya a shekarun 1970, har suka danganta yawanta da kunun kanwa da zafin jego. Ita mai jego ba a gaggawar sa mata na'ura, domin da yawa zuciyarsu kan farfaɗo da magani cikin watanni, kuma galibinsu tsininsu ba mai faɗi ba ne. Amma cikin dattawan da hawan jini ya buɗe wa zuciya akwai masu yankakken reshen hagu, kuma takardar da za ta nuna su tana cikin gwaje-gwaje mafi araha a asibiti. Na'urar ce ke da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin gidaje, ga ƙarancin ɗakunan aikin da masu hannun yin sa.

Shi ya sa nake sa ido a kan abin da ya fito daga birnin Wenju na ƙasar Sin. A 2017 Huang Weijian ya ba da labarin wata hanya dabam: maimakon a zagaya ta bayan gida, sai a murɗa waya daga ɗakin dama ta nutse cikin bangon tsakiya har ta taɓo reshen hagu a gaban inda ya yanke, wutar ta koma kan kwaltarta ta asali. Ba a neman bakin magudana, ba shaƙuwa, kuma a wasu majinyata batir na gama-gari mai waya biyu ya wadatar. Ana kan gwada ta da tsohuwar hanya a manyan bincike, kuma tana da nata wuyar: bangon da ake murɗawa a ciki bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, in aka zarce sai waya ta ɓulla ɗakin hagu. Mai yin ta yana murzawa ne kaɗan-kaɗan, idonsa a kan tsinin ECG, yana jiran lokacin da siffarsa za ta sauya ta gaya masa ya tsaya.